Haƙƙin Wasa a Dukiyar Jama'a: Kurket da Ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai

Kurket wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum goma sha ɗaya, ana yin sa a kewayayyen fili mai faɗi. A tsakiyar filin akwai zirin ƙasa da aka daɓe, tsawonsa yadi 22, da turaku uku kafe a kowane ƙarshe. Mai jifa yana auna turakun da ƙwallo mai tauri, mai bugu yana kare su da faffaɗar sanda, in ya doka ƙwallon ya yi nisa sai shi da abokinsa su yi ta musayar gefe a guje suna tara maki. Sigar da ta fi tsawo tana cin kwana biyar, wadda kuma ta fi yaɗuwa yanzu, wato T20, tana ƙarewa cikin awa uku ko kusa da haka. Kaɗan ne cikin wasanni suka kai shi cin fili da lokaci da kaya, shi ya sa da wuya ƙaramin kulob ya tsaya da ƙafarsa in ba wata hukuma ta tallafe shi ba. Wannan tsadar tasa ce ta sa ya dace a auna wata tsohuwar tambaya da shi: shin wasa yana da haƙƙi a dukiyar jama'a, in kuwa yana da shi, wane iri ne, kuma ina ya tsaya? Tambayar tana ƙara nauyi idan aka kai ta unguwannin masana'antu na Kano, Sharada da Challawa da Bompai, inda mutum yake sayar da ƙarfinsa da sa'o'insa kafin ya kai abinci gida.

Shugabancin wasan hawa-hawa ne. A ƙoli akwai hukumar kurket ta duniya, ICC, wadda ta karɓi Najeriya a 2002 a rukunin ƙasashe masu tasowa a wasan. Sai hukumar ƙasa, NCF, wadda ta samo asali daga ƙungiyoyi biyu, ta Turawa da aka kafa a 1932 da ta 'yan ƙasa da aka kafa a 1933, suka haɗe a 1957. A ƙarƙashinta akwai ƙungiyoyin jihohi, masu aiki tare da hukumomin wasanni na gwamnatocin jihohinsu. Hawan nan na uku shi ne ƙafarsa take taɓa ƙasa. A Ingila, inda tsarin ya daɗe da zama, hukumomin gundumomi ne ke horar da masu koyarwa da alƙalan wasa da masu rubuta maki, su tsara jadawalin gasa, su taimaka wa kulob ya sami tallafi ko rance don gyara fili da sayen raga, su kuma kai wasan makarantun firamare. A Najeriya an fi mai da hankali kan makarantu da gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma an ga amfaninsa: samarin ƙasar sun je gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matan kuma sun doke New Zealand da tazarar maki biyu a irin wannan gasa a Maleshiya a 2025.

A Arewa, ta makaranta da bariki wasan ya shigo. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ta koya wa ɗalibanta kurket tare da fayif, wasan buga ƙwallo da hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello ya buga duka biyun. Daga baya ma wani likitan tiyata na Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Yahaya Ukwenya, ya shugabanci hukumar ƙasa daga 2017 zuwa 2021. Duk da haka wasan bai taɓa shiga lungu ba, ya zauna a hannun 'yan boko da baƙi, ƙwallon ƙafa kuwa ta cinye kowane fili da ke cikin gari.

Unguwannin ukun suna da tarihi guda. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna fatan auduga za ta riƙa gangarawa masaƙun Lankasha ta Ingila, sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Bompai ce ta fari, tun zamanin mulkin mallaka, ta tara matatun man gyaɗa da masaƙu da kamfanonin alewa da na kwanuka. Sharada mai kashi uku, da Challawa da ke kusa da kogin da ta ci sunansa, sun bunƙasa daga shekarun 1970, Challawa ta yi fice da majemu na zamani. Tun daga tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin lantarki, da kwararar atamfa daga waje, masana'antu da yawa suka rufe, wasu gine-ginen suka koma sito. Waɗanda ke aiki yau sun fi karkata ga roba, takalma, tabarma, lemo, shinkafa da fata, kuma da yawa daga ma'aikatansu na wucin gadi ne, ana biyan su a kan kwana ko mako. A lokacin canjin aiki, bakin ƙofar kamfani yakan cika da masu shayi da masu ƙosai da 'yan adaidaita sahu, waɗanda suka kwana a kan inji suna fitowa idanu jajur, na safe suna jeri a duba su kafin su shiga. Can gefe, a fulotin da ba a gina ba tukuna, yara sun aje duwatsu biyu a matsayin gola suna taka leda, har ranar da mai wurin zai sauke bulo. A cikin masu kamfanonin da injiniyoyinsu akwai Labanawa da 'yan Sin, akwai kuma 'yan Indiya da Pakistan, ƙasashen da kurket ya fi kowane wasa. Ke nan wanda ya iya wasan da wanda bai taɓa ganin sa ba suna shiga ta ƙofa ɗaya kullum.

Tambaya ta farko ita ce halascin wasa kansa. Mai ƙyamar sa yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala a surori irin su An'am da Ankabut da Hadid, ƙarshen Suratul Jumu'a kuma ya zargi waɗanda suka watse zuwa ga fatauci da abin shagala ana cikin huɗuba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin zaure a Kano ya bi ta kanta, ta hana wasan nardu da na shaɗaranji. A ɗaya ɓangaren, ingantattun hadisai sun nuna Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci, ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya kuma gaskata Salmanul Farisi da ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangiji da rai da iyali kowanne yana da nasa haƙƙi a kansa. A Suratu Yusuf, da 'yan uwan Annabi Yusuf suka nemi a bar shi ya bi su ya yi wasa, Annabi Yaƙubu bai kushe wasan ba, kerkeci da sakacinsu ya ji wa tsoro. Malamai sun haɗa nassosin da cewa abin zargi shi ne wasan da ya ture wajibi, ko ya ƙunshi haram, ko ya zame wa mutum rayuwa gaba ɗaya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi gaba da haka a Ihya'u Ulumiddin, inda ya bayyana cewa zuciya tana gajiya, hutu kuma yana taimaka mata ta koma ga aiki na gaske, har ya yi gargaɗi kan hana yaro wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hakan yana dusashe kaifin basirarsa.

Idan aka ɗora kurket a kan waɗannan sharuɗɗa, yana wucewa fiye da yadda ake zato. Kayan wasansa dogon wando ne da riga, don haka matsalar bayyana cinya, wadda malamai ke yawan tayarwa kan ƙwallon ƙafa, ba ta taso ba, mace ma tana iya buga shi da hijabinta. Babu gogayyar jiki, babu bugun fuska. An gina wasan da tsayawa da hutu a tsakaninsa, yadda salla za ta samu gurbi ba tare da an roƙi alfarma ba. Wanda ya ce ai wasan Turawan mulkin mallaka ne ya faɗi gaskiya ta fuskar tarihi, sai dai wasa al'ada ne ba ibada ba, asalin al'adu kuwa halas ne sai wanda nassi ya hana. Pakistan da Bangaladash da Afganistan suna cikin manyan ƙasashen kurket a yau, 'yan Afganistan ma a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koye shi, suka kai cikakken matsayi a 2017. Inda kurket yake da rauni shi ne tsawon lokacinsa, da kuma cacar da ta liƙe masa a manyan gasanni.

Halascin abu bai ba shi haƙƙi a baitulmali ba, a nan ne kuma tambayar take yin tsauri. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya tsara maslahohi hawa uku: larurori, waɗanda in babu su addini da rai da hankali da zuriya da dukiya za su salwanta, buƙatu, waɗanda rashinsu ke jefa mutane cikin ƙunci, sai abubuwan ƙawa da kammala rayuwa. Ƙa'idar fiƙihu kuma ta ɗaure duk wani tasarrufin shugaba a kan talakawansa da maslaha. Mai adawa zai ce wasa a hawa na uku yake, alhali a Challawa ruwan jima mai guba ya daɗe yana gangarawa kogi, ma'aikaci yana rasa yatsa a inji, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a Naira 70,000 a 2024 bai isa ko'ina ba. Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana rushe wani nau'in kashe kuɗi ɗungum: bikin buɗe gasa mai cin miliyoyi, alawus ɗin tawagar jami'ai, kofi mai ɗauke da sunan mai mulki. Duk shugaban da ya fifita waɗannan a kan ruwan sha ya ci amana.

Abin da hujjar ba ta rushe ba shi ne matsayin hutu ga mai aikin ƙarfi. Abu ɗaya yakan zama ƙawa ga wani, ya zama buƙata ga wani. Attajirin da ke da lambu a gidansa da kati na kulob ɗin manya a Bompai, wasa ƙari ne a gare shi. Saurayin da ya yini ko ya kwana a tsaye a gaban injin roba, ya koma ɗakin haya da ya haɗa da mutum uku, in ba shi da inda zai miƙe jikinsa ya yi dariya da tsaransa cikin tsari, ƙuncin da Shaɗibi yake nufi ya same shi. Kuma ba zama zai yi hannu rabbana ba, wani abin zai cike gurbin: shagon cacar ƙwallo, ko majalisar shaye-shaye, ko daba. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, kuma hana ɓarna aikinta ne. Amma hukumar da ta toshe ƙofar haram tana da nauyin barin ta halas a buɗe. Masanin falsafa Aristotil ma ya ɗauki wasa a matsayin magani ga wanda aiki ya gajiyar, sai dai ya keɓe hutu na haƙiƙa, na tunani da ɗaukakar rai, ga 'yantattun da ba sa aikin hannu. Hadisin Salman bai yi wannan rabon ba. Haƙƙin da jiki yake da shi a kan lebura shi ne wanda yake da shi a kan mai kamfani.

Daga nan ake gane irin tallafin da ya wajaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba samar da abubuwan amfanin gama-gari, kasuwanni da hanyoyi da gadoji, da kula da masu sana'a a kowane gari. Bai ambaci wasa ba, kuma ba daidai ba ne a sa masa abin da bai faɗa ba. Amma ma'aunin da ke ƙarƙashin maganarsa a fili yake: shugaba yana ɗaukar abin da ɗaiɗaikun mutane ba za su iya samar wa kansu ba. Ƙaramin kulob yana iya tara kuɗin riga da ruwan sha. Fili da lokaci da adalin alƙali kuwa sun fi ƙarfinsa.

Fili ne mafi wuya. Na kurket yana neman kusan ninki biyu na filin ƙwallon ƙafa, a wurin da kowane taku na ƙasa yake da farashi. Shari'a ta san keɓe ƙasa don amfanin kowa: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, garuruwan Hausa kuma sun daɗe da hurumi da burtali da filin Idi, waɗanda ba mai garin da ya isa ya sayar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a. Don haka idan aka yanka filin makaranta ko na unguwa aka jera shaguna, wanda aka yi wa asara shi ne wanda ba shi da bakin magana. Ga kuma unguwannin ukun cike da harabobin masana'antun da suka rufe, ciyawa ta cinye su. Babban aikin ƙungiyar jiha a nan shi ne zama da hukumar tsara birni da ƙananan hukumomin Birni da Kumbotso da Nassarawa da masu kamfanoni, a samo fili ko da ɗaya ne a kowace unguwa, a rubuta shi da sunan amfanin jama'a. Hubusi ya fi kowace hanya ƙarko, domin abin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, kuma Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Bayan an sami filin, sauran aikin mai sauƙi ne: zirin siminti a tsakiya, a shimfiɗa masa darduma, ƙwallon ƙafa ta ci gaba a gefensa.

Lokaci kuwa a hannun mai kamfani yake. Tarihin Lankasha ya nuna haka sarai. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu tashi da ƙarfe biyu na ranar Asabar, a cikin wannan rabin yinin ne kulob-kulob na garuruwan saƙa irin su Nelson da Burnley da Accrington suka girma, har suka kafa gasarsu a 1892. Da ba a 'yanta yammacin Asabar ba, da babu wanda zai buga, babu kuma wanda zai kalla. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun awa ɗaya ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, da kwana ɗaya cikin bakwai, da aƙalla kwana shida na hutun shekara da albashi. Ma'aikacin wucin gadi, wanda ranar hutunsa ranar rashin kuɗi ce, shi ya fi kowa nisa da wannan tanadi. Ma'aikatan Kano sun saba fafutukar lokaci: binciken Paul Lubeck kan leburorin masana'antun birnin, wanda aka buga a 1986, ya nuna yadda da yawansu suka fito daga karatun allo, da yadda lokacin salla ya zama abin jayayya tsakaninsu da manajoji. Ƙungiyar wasa ba ta da ikon canza jadawalin aiki, amma tana iya ƙera gasarta daidai da shi. Zafin bazara yana hana wasan tsakar rana, tsakanin La'asar da Magariba kuma awa uku ba ta shiga, don haka gajeriyar sigar da ke ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi ita ta dace da ranakun aiki, T20 ta koma safiyar Lahadi. Gasar da aka tsara yadda za ta haɗiye Magariba ta karya sharaɗin halascinta da hannunta.

A kan kyauta da alƙalanci ne fiƙihu ya fi yin magana dalla-dalla. Littattafan Malikiyya sun halasta tsere da lada a dawaki da raƙuma da harbi, Muhtasar na Shehu Halil ya yarda ladan ya fito daga wani mai sa kai wanda ba ya cikin masu gasa, sauran wasanni masu amfani kuma ya bar su a yi ba da lada ba. Malaman zamani sun faɗaɗa: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta halasta kyauta a duk gasa mai halastacciyar manufa, muddin ba daga aljihun dukkan masu gasar ta fito ba, kuma ba ta kai ga barin wajibi ba. Wannan ya taɓa abin da ake yi kullum a unguwanni. Wani zai sa kofi, kulob goma sha shida kowanne ya biya kuɗin rajista, a sayi rago ko a ware tsabar kuɗi daga abin da aka tara, wanda ya ci ya kwashe. Kowa ya zuba, ɗaya ya ɗauka, saura sun yi asara, surar caca ke nan ko da niyya ta yi kyau. Idan ƙungiyar jiha ko wani kamfani ya ɗauki nauyin kyautar, kuɗin rajista ya tsaya a kan hidimar fili da ladan alƙali kaɗai, illar ta kau. Haka ma alƙalin da ƙungiya ta horar ta kuma biya shi, ya fi wanda mai kofi ya ɗauko daga cikin abokansa. Kurket yana da al'adar karɓar hukuncin alƙali ba gardama, har a da mai bugu yakan fita da kansa in ya san an kama shi ko alƙali bai gani ba. Al'adar ta yi rauni a inda kuɗi suka yi yawa, kamar yadda fallasar kyaftin ɗin Afirka ta Kudu Hansie Cronje da 'yan caca ta nuna a 2000, amma a ƙaramin kulob tana nan da sauƙin koyarwa, kuma tarbiyya ce ta gaskiya da amana.

Iyakar hukuma tana bayyana a batun mallaka, tarihin ƙwallon ƙafa a Kano kuma ya isa darasi. Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan kasuwancin gyaɗa, ta ci gasar ƙasa a 1978, ta kuma shuɗe. Kano Pillars an kafa ta a 1990 daga haɗakar kulob-kulob ɗin WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta zama ta gwamnati, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Kulob ɗin kamfani yana rayuwa ne da ribar kamfani, na gwamnati kuma yana jan kuɗi zuwa sama, inda kofi da suna suke, ya bar na ƙasa da ƙishi. Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa: mai kamfanin da ya sayi riguna ya sa hoto a jarida, alhali yana danne haƙƙin ma'aikata, ya mai da wasa mayafin zalunci, ƙungiyar da ta karɓi kuɗinsa ta yi shiru kuma ta taya shi. Kulob-kulob na Lankasha sun haura shekara ɗari, sun ga rufewar masaƙun da suka haife su, saboda na mambobinsu ne, su ke zaɓen shugabanni, su ke duba asusu. Abin da ya dace da Sharada da Challawa da Bompai shi ne kulob na unguwa, wanda ma'aikacin da aka sallama ba zai rasa gurbinsa a ciki ba, inda injiniya ɗan Indiya zai koyar da jifa, a fili kuwa ya bi umarnin kyaftin ko da leburansa ne.

Adalcin rabo ya shafi sauran wasanni. Ba hujjar fifita kurket a kan langa ko kokawa, waɗanda ba sa neman komai sai yashi. Nijar ta nuna abin da hukuma za ta iya yi wa wasan gida da gasar kokawarta ta takobi, wadda ake yi tun 1975. Kurket yana da tallafin waje daga ICC, zai kuma koma gasar Olamfik a 2028, don haka abin da ya kamata ya nema daga jiha fili ne da izinin shiga makarantu fiye da tsabar kuɗi. Tsadar kaya ma tana raguwa in an so. Yaran Karachi ta Pakistan sun daɗe suna naɗe ƙwallon tanis da salatif na lantarki su buga a titi, manyan 'yan wasa sun fito daga nan. Abin takaici ne a ce fatun awaki da tumaki suna fita daga Challawa zuwa Turai, amma safar hannu da matashin ƙafa na mai bugu sai an yo odarsu daga Sialkot ta Pakistan ko Meerut ta Indiya, alhali dukawan Kano za su iya ɗinka na atisaye in an ba su samfuri da ciniki. 'Yan mata kuwa, waɗanda suka kawo wa ƙasar babbar nasararta a wasan, ba za su fito ba sai a harabar makaranta mai katanga, da mata masu koyarwa, da yardar iyaye. Horar da malamai mata shi ne matakin farko, kuma yana cikin mafi araha.

Saura batun lissafi. Wani ɓangare na kuɗin da ICC ke ba ƙasashe masu tasowa yana rataye da ƙidayar masu shiga wasan, wannan kuma yana jarabtar kowace ƙungiya ta ƙirga duk yaron da ya riƙe sanda rana ɗaya a taron makaranta a matsayin ɗan wasa. Adadi irin wannan yana iya zama daidai a takarda alhali ya ɓatar da mai karantawa, shari'a kuwa ta ɗauki kuɗin da aka bayar don wata manufa a matsayin amana da ba a karkatar da ita. Rahoton da ya cika sharaɗin amana shi ne wanda ya nuna kulob nawa suka fara kakar wasa, nawa suka kammala ta, a wane fili suka buga, masu koyarwa da alƙalai nawa aka horar kuma suna nan suna aiki, nawa aka karɓa daga hukumar ƙasa da gwamnati da kamfanoni, nawa ya isa hannun kulob-kulob. A karanta shi a taron shekara a gaban wakilansu, su ne kuma za su zaɓi shugabannin ƙungiyar na zango mai zuwa.